Idan Hoto Ya Tsage a Allo: Nasiha ga Samarin Kurfey

Ƴaƴana masu gyaran kwamfuta da masu koyon gyaran a Filinge, da na Bonkuku da Damana da Cikal, har da waɗanda neman sana'a ya kai Yamai, maganar da nake so mu yi ƙarama ce a ido, amma tana cin kuɗin mutanenmu ba gaira ba dalili, kuma sau da yawa ta hannunku kuɗin ke fita ba tare da kun yi nufin cutar kowa ba.

Mutum zai kawo muku kwamfutarsa ta tebur, ko mai shagon buga takardu ne, ko mai haɗa bidiyon biki da suna, ko mai ɗakin wasan ƙwallo inda yara ke taruwa da maraice. Kukansa ɗaya ne, hoto yana tsagewa. Da zarar abu ya motsa a allo sai wani layi ya gitta daga hagu zuwa dama, saman hoton ya goce gefe, ƙasansa ya tsaya baya, kafin ƙiftawar ido ya haɗe, ya sake rabuwa. Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin yaro ita ce allon ya mutu, ko kuwa a yi fomatin. In an bi ta farko sai an aika Yamai, tafiyar wajen kilomita 180 ta Baleyara, a kan hanyar da kowa ya san ba a shigarta da kwanciyar hankali a ƴan shekarun nan. In an bi ta biyu, takardun bawan Allah da hotunan iyalinsa sun shiga haɗari, kuma za ku gani nan gaba cewa fomatin ɗin ne ma kan haifo matsalar.

Ku fara da sanin abin da ke gudana a ciki. Allo ba ya fito da hoto gaba ɗaya a lokaci guda. Layi-layi yake zana shi daga sama zuwa ƙasa, in ya kai ƙarshe ya koma sama ya sake. Yawancin allunan da ke hannunmu suna yin wannan zagaye sau 60 a daƙiƙa, shi ne 60 Hz ɗin da kuke gani a cikin saiti, kuma kowane zagaye bai cika kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa ba. A ɗaya gefen akwai katin hoto, ko injin hoton da aka haɗa cikin furosesa, wanda ke shirya hotuna yana ajiyewa a ma'ajiyar da allo ke ɗiba. Shi ba shi da tsayayyen gudu. In aiki ya yi sauƙi ya shirya 90 ko 120 a daƙiƙa, in ya yi nauyi ya sauko 40. To idan allo ya kai tsakiya yana zana hoton farko sai kati ya musanya masa da na biyu, allo ba ya komawa sama. Daga inda yake zai ci gaba da sabon hoton. Sai saman ya zama na wani lokaci, ƙasan na wani lokacin, layin da kuke gani kuwa mahaɗarsu ce. Allon lafiyarsa ƙalau, katin ma haka. Lokacinsu ne bai zo ɗaya ba.

Duk wanda ya tashi a Kurfey ya ga lugude. Mata biyu ko uku a turmi guda, taɓarya na sauka wata na tashi, ba a karo domin kowace ta san lokacinta. Irin wannan jiran juna shi ne V-Sync, wanda injin da ke da Faransanci zai rubuta muku synchronisation verticale. Tsakanin ƙarshen zagaye da farkon na gaba akwai ɗan taƙin hutu, gadon tsofaffin talabijin masu ƙaton baya, lokacin da hasken da ke zana hoto yake komawa daga ƙasa zuwa sama. In an kunna V-Sync, kati ba ya musanya hoto sai a cikin wannan taƙin, tsagewa kuma ta ƙare. A wasannin ƙwallo da na mota, yawanci maɓalli ɗaya ne cikin saitin wasan, ko cikin shafin saitin Intel, ko AMD, ko Nvidia. Aikin minti biyu ke nan, babu abin da aka saya.

Sai dai jira yana da nasa kuɗin. Idan kati mai rauni ne ya makara ko da kaɗan, dole ya jira zagaye na gaba cikakke, sai gudun ya faɗo daga 60 zuwa 30, yara su fara cewa wasan ya yi nauyi, ko an danna maɓalli ɗan wasa bai amsa da wuri ba. Maganin wannan a wurinmu shi ne a rage wa katin kaya: a sauke girman hoto, a kashe inuwa da ƙawar ciyawa da ƴan kallo, har ya iya riƙe 60 ba tare da haki ba. Masu hali a wasu ƙasashe sun bi ta wata hanya, suka sa allo ne ke bin gudun kati. Nvidia ta fito da G-Sync a 2013, ƙungiyar VESA ta sa irin wannan tsari cikin ƙa'idar DisplayPort a 2014, AMD ta shigo da FreeSync kasuwa a 2015, kuma sai a 2019 katunan Nvidia suka fara aiki da allunan FreeSync. Ku san da su domin ilimi ne, amma kada ku sa mai shagon buga takardu ya yi mafarkin su. Allon da ke da wayar VGA kaɗai ba ya cikin wannan zancen.

Yanzu ga inda nake so ku fi kasa kunne. Ba duk layin da ya fito a allo ne tsagewa ba, kuma gwanin gyara a nan ake gane shi. Tsagewa ta gaskiya a kwance take, ba ta fitowa sai abu na motsi, in hoto ya tsaya ta ɓace. In ka ɗauki hoton allon daga cikin kwamfutar kanta ba za ka same ta ba, domin a ma'ajiya kowane hoto cikakke ne. Amma layin da ke tsaye wuri guda, ja ko kore ko fari, wanda ke nan tun daga tambarin HP ko Dell da ke fitowa in an kunna, kafin Windows ya tashi, wannan babu ruwan direba da shi. Ka cire wayar hoton, ka buɗe menu na allon kansa. In layin yana nan, gilashin ne. In launi ya rine, komai ya koma ruwan hoda ko ɗorawa ko shuɗi, ko rubutu ya yi inuwa a gefensa, ka duba wayar VGA, mai shuɗin kai da allurai 15. Tsarin IBM ne na 1987, ba da lambobi yake aika hoto ba, da ƙarfin wuta yake aikawa, shi ya sa allura ɗaya in ta lanƙwashe launi guda ya tafi. Shi ya sa kuma in ana kan janareta, ko wayar tana kwance kan wayar wuta, za ka ga igiyoyi suna hawa a hankali daga ƙasa zuwa sama. Ka canza waya, ka ɗaure kusoshinta biyu, in akwai DVI ko HDMI ko DisplayPort ka koma can. In kuwa ƙananan murabba'ai masu launi ne suka watsu, ko allo ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo, ka fara zargin zafi ko katin da ya gaji.

Akwai ma wanda ba ciwo ba ne ko kaɗan. Fim yawanci hoto 24 ne a daƙiƙa, shirye-shiryen talabijin na ɓangarenmu 25 ko 50, kuma babu ɗayansu da ke shiga 60 daidai. Saboda haka in kamara na bin ƙwallo za ka ga ɗan tsalle-tsalle ba tare da wani layi ba. Haka nan in mutum ya aiko maka bidiyon allonsa da ya ɗauka da salula, kada ka yanke hukunci a kai, kamarar salula ita ma layi-layi take ɗauka, takan ƙirƙiro zanen da ido bai gani ba. Ka ce a kawo injin, tare da allonsa da wayarsa.

Mu dawo kan fomatin. Direban hoto, wanda Windows na Faransanci ke kira pilote, shi ne manhajar da ke tsakanin Windows da kati. In an yi fomatin aka manta da shi, Windows zai ɗora nasa na wucin gadi don dai a ga rubutu. A Windows 7 za ka ga Carte graphique VGA standard, a Windows 10 na Turanci, irin wanda kan zo kan injinan Najeriya, za ka ga Microsoft Basic Display Adapter. Da wannan direban katin yana zaune ne furosesa na yi masa aikinsa. Hoto ya baje, gumaka su yi ƙiba, bidiyo ya riƙa sarƙewa. A Windows 7 abin ya fi muni, domin tsarin Aero, mai gefen taga kamar gilashi, shi ne ke tattara tagogi ya miƙa wa allo a kan lokaci, kuma ba ya tashi sai da direba na gaskiya. Yara da yawa sukan kashe Aero da hannunsu wai don injin ya ƙara gudu, su koma tsohuwar fuska mai toka-toka, sannan su zo suna mamakin tsagewa. Daga Windows 8 zuwa sama ba a iya kashe wannan tsarin, shi ya sa tsagewar tebur ta ragu, ta fi zama cikin wasanni.

Kafin ka nemi direba, ka san katin da ke ciki. Kada ka dogara da takardar da ke manne a jikin akwati, kayan hannu na biyu da ke zuwa mana sun bi hannuwa da yawa, an cire an musanya. Ka shiga Gestionnaire de périphériques, ka buɗe katin, ka je Détails, ka zaɓi lambobin shaidar kayan. Za ka ga VEN da lambobi huɗu a gabansa. 8086 Intel ne, 10DE Nvidia ne, 1002 AMD ne. Lambobi huɗun da ke bayan DEV su ne ainihin samfurin. Ka haddace ukun nan, za su yi maka aiki har ka tsufa. Sannan ka duba ko Windows ɗin mai 32 ne ko mai 64, domin direban wannan ba ya shiga wancan.

Abin da ya fi ruɗin samari shi ne zaton sabon direba ya fi tsoho. A injin bana haka ne. A injinan da muke da su, da tsohuwar zuma ake magani. Kowane kamfani yana da ranar da yake sakin hannun tsohon kati. Nvidia ta daina sabunta katunan zuriyar Fermi, su GTX 400 da 500, a 2018, a shekarar kuma ta bar yin direbobin Windows mai 32. A 2021 ta tsayar da zuriyar Kepler, wato yawancin GTX 600 da 700, a kan jerin direba na 470. A watan Yunin 2021 AMD ta yi haka da HD 7000 da R9 200 da 300, ta kuma rufe ƙofar Windows 7. Injin hoton Intel HD 3000, na furosesa Core zuriya ta biyu ta 2011, wanda ke cike cikin tsofaffin injinan ofis, Intel ba ta taɓa fitar masa da direban Windows 10 a hukumance ba. Ka ga in ka sauke direba na yau ka ce sai ya shiga, ko dai ya ƙi, ko ka tilasta shi allo ya yi baƙi. Kowane tsohon kati yana da direbansa na ƙarshe, shi za ka nema da lambarsa. In injin na HP ne ko Dell ko Lenovo, ka fara da shafin kamfanin da sunan samfurin, don sun gwada wannan direban a kan wannan injin.

Irin wannan haƙurin nake so ku yi da Windows kansa. Microsoft ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, ta rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida yana son furosesar Intel zuriya ta takwas zuwa sama. Na san akwai dabarun tsallake shingen, na kuma san burgewar da ke cikin mai kaya ya ga sabuwar fuska. Amma kafin ka ɗora wa injin shekara goma sha Windows 11, ka tambayi kanka ko katinsa yana da direban da zai zauna da shi. In babu, ka sayar wa mutum ado ka karɓe masa aiki.

Filas ɗin nan mai tarin direbobi da ke yawo daga shago zuwa shago, wanda ake dannawa sau ɗaya ya ɗora komai, ina jin tsoronsa. Yakan yi daidai, yakan kuma ɗora na kusa da daidai, ya bi da manhajojin talla da ba wanda ya nema, balle ƙwayoyin cutar da ya kwaso a hanya. Na san dalilin da ya sa kuke riƙe da shi. Direban kati na zamani ya haura mega 500, kuɗin data ba wasa ba ne, layin ma yakan yanke ana tsaka da saukewa. To ga abin da ya fi. Injinan da ke yawo a ƙasar nan ba su da yawan iri, samfura kaɗan ne ke ta maimaituwa. Duk wanda ya je Yamai ko ya sami layi mai ƙarfi, ya sauke na asali daga shafin kamfani, a ajiye cikin filas mai tsabta, kowanne da sunan kati da lambar direba da irin Windows. A sami littafi na takarda a shago, a rubuta samfurin inji da direban da ya zauna lafiya a kansa. Kuma ku ba juna. Wanda ke Bonkuku bai kamata ya ƙona data a kan abin da ɗan'uwansa na Filinge ke da shi a aljihu ba.

In za ka taɓa direba, ka kwashe wa mai kaya takardunsa tukuna. Ka canza abu ɗaya, ka sake kunnawa, ka gwada da bidiyon nan dai da ya nuna matsalar, sannan ka taɓa na biyu. Wanda ya canza waya da direba da saiti a zama ɗaya, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, gobe zai sake lalube. In sabon direba ne ya ɓata abu, a cikin shafin katin akwai maɓallin komawa na baya. In an cire katin Nvidia aka sa na AMD, ko akasin haka, a share tsohon direban gaba ɗaya kafin a ɗora sabo. In a cikin burauza kaɗai bidiyo ke tsagewa, ka duba accélération matérielle, ka kunna ko ka kashe ka gani. Kada kuma ka fara ɗora direba in ka san wuta ba ta da tabbas, sai da ondilar, akwatin batirin nan da ke riƙe inji in an ɗauke wuta.

Ƙasarmu ma tana da nata rabon a cikin lamarin. Ƙurar hunturu tana shiga fanka ta daskare, bazara ta zo da zafin da ya haura digiri 40 a inuwa. Kati in ya yi zafi yakan rage gudunsa don ya tsira, gudu in ya sauka hoto ya fara tsalle, mai gyara ya yi ta sauya direba a banza. In katin ya daina amsawa na daƙiƙa 2, Windows kan sake tayar da direban da kansa, shi ne baƙin nan da ke zuwa ya wuce. Ka buɗe akwati, ka riƙe fanka da yatsa kada ta juya, ka hure ƙurar, ka ɗaga injin daga ƙasa. Wannan ya kamata ya zama aikin ƙarshen kowane hunturu.

Idan har ta kai ga sayen kati, ku yi hattara ta fuska biyu. Ƙananan injinan ofis akwatin wutarsu wat 240 ne ko kusa da haka, ba ya ɗaukar babban kati. Sannan akwai jabu a kasuwannin duniya, an sha kama tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Alamarsa ita ce direba na asali ya ƙi shiga sai na faifan da aka haɗo da shi, wasa kuma ya riƙa mutuwa da zarar ya nemi ma'ajiya mai yawa. Ƙaramar manhajar GPU-Z tana tona da yawa daga cikinsu. A gwada a gaban mai sayarwa kafin kuɗi su fita.

Masu son zurfafawa, ku koyi Linux ko don gwaji. Ubuntu ko Linux Mint suna tashi daga filas ba tare da sun taɓa faifan mai kaya ba, kuma direbobin Intel da AMD suna cikinsu tun asali. In hoto ya fito tsaf a can, ka tabbata kati da allo da waya lafiya suke, gyaran na cikin Windows ne. Su ma mutanen Linux sun daɗe suna fama da tsagewa a tsohon tsarinsu na X11, wanda ya fito a 1987, har wani injiniya mai suna Kristian Høgsberg ya fara sabon tsari mai suna Wayland a 2008 da niyyar kada rabin hoto ya sake isa allo. Ina faɗa muku wannan don ku san manyan masana sun shekara da shekaru a kan abin da ke gabanku, ba abin kunya ba ne ka zauna awa guda kana nazarinsa.

Na san abin da ke ran wasunku. In na gyara da danna maɓalli ɗaya, nawa za a ba ni? Ka faɗi kuɗin bincikenka tun farko, jika ɗaya ce ko abin da kuka daidaita, ka karɓa da gaba gaɗi, domin sanin wurin dannawa shi ne sana'ar. Abin da ba na so shi ne ka ce allo ya mutu alhali ka san yana da rai, ka karɓe shi a matsayin shara ka sayar wa na gaba. Filinge ba ta da girman da irin wannan zai ɓuya, kuma ko ya ɓuya haram ne. Mai kaya bai san VEN ba, bai san Hz ba, amanarsa ya ɗora a hannunka. Ka juyo da allon ya gani, ka nuna masa layin, ka kunna saitin a gabansa ya ga ya ɓace, ka rubuta masa lambar direban a takarda ka manna a cikin murfin akwatin saboda wanda zai gyara bayanka.

Ku kuma masu shago, ku bar ƙannenku maza da mata su zauna kusa da ku in kuna wannan binciken, ku riƙa faɗa da baki abin da kuke dubawa da dalilinsa. Ƴan makarantar da ke zuwa hutu, ku ba su tsohon inji da wayar VGA biyu, mai kyau da maras kyau, su gano bambancin da idonsu. Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya tsare mana hanyoyinmu.